Ɗan daudu ba da jirgi ya zo ba



Na san daga ganin kan maganar nan wasu sun riga sun ɗaure fuska. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, in ya so sai a zage ni da hujja.

Makon jiya muna zaune a fada bayan isha'i, shayi na kan wuta, sai wani abokinmu ya miƙo waya ya ce mu kalla. Bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp. Samari sun kewaye wani mutum, da gani ya haura shekara hamsin, sun fizge zanen da ya ɗaura, suna tilasta masa ya yi tafiya "irin ta maza". Wani na kwaɗa masa takalmi a ƙeya, mai ɗaukar hoton sai ƙyaƙyata yake. Ƴan fada suka fashe da dariya. Ni ma, in faɗi gaskiya, na murmusa da farko. Sai ɗaya daga cikinmu, wanda ma ya fi mu karatu, ya ce: "Ai duk Turawa suka kawo mana wannan bala'i, su da ONG ɗinsu. Kakanninmu ba su san shi ba."

Wannan magana ta hana ni barci, don na san ba haka ba ne. Kuma ina zaton shi ma mai faɗin ya sani.

Ina yaro a Maradi, a bakin tasha akwai wani mai tuwo da kowa ya san ɗan daudu ne. Mahaifiyata kan aike ni wurinsa da kwano da dala ashirin in ranar ba a ɗora tukunya a gida ba. Direbobi da ƴan kamasho duk nan suke ci. In ana biki a unguwa, shi mata ke kira ya riƙe manyan tukwane, don ba wadda ta kai shi iya auna gishirin abincin mutum ɗari biyu. Yana da mata da ƴaƴa, ɗansa ma ajinmu ɗaya a lakwal. Ranar Juma'a yakan sa babbar riga ya tafi masallaci. Ana tsokanarsa, ba na musu, shi kuma yana ramawa da habaicin da sai mutum ya kai gida zai gane an gama da shi. Wannan bawan Allah ko gaisuwa bai iya da Faransanci ba. Wace ONG ce ta koya masa tafa hannu da riƙe haɓa?

Bari in koma baya da shi, zuwa tabarmar kakata.

Akwai tatsuniyar da muka fi roƙonta ta maimaita. In ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", muka amsa, sai ta fara: wani mutum ne ke da ɗiya mata bakwai, wansa kuma yana da ƴaƴa maza bakwai, kullum wan na yi masa gori. Rannan sarki ya sa aka yi shela, kowane gida ya ba da namiji ɗaya za a tafi yaƙi. Uban ya zauna yana zubar da hawaye. Sai autar ta ce a aske mata kai, a ba ta riga da wando da doki. Ta tafi, kuma a fagen fama ba wanda ya kama ƙafarta. Ɗan sarki ya ƙulla abota da wannan "saurayi", har ta kai in ba ya kusa, ɗan sarki ba ya iya cin abinci. Ya tafi wurin wata tsohuwa ya ce: "Iya, wanga abokin nawa, ban san mi ya same ni a kansa ba." Tsohuwa ta ce a gwada shi. Aka baza kaya, ga takobi ga mazari, a ga wanda hannunsa zai fara taɓawa. Ya ɗauki takobi. Aka ce a tafi wanka gulbi, sai ya ce dokinsa ya kwance, ya bi shi. Duk tarkon da aka ɗana, ya tsallake.

Abin mamaki, ƙarshen labarin iri biyu ne a bakin kaka. Wani dare yarinyar za ta bayyana kanta, a ɗaura mata aure da ɗan sarki. Wani daren kuma sai ta gamu da aljani a daji ya mai da ta namiji na gaske, ta komo gari a ba ta ɗiyar sarki. In muka ce, "Kaka, jiya ba haka kika ce ba," sai ta ce, "To, jiya ta tahi da tata. Ku yi kwana."

Sai da na girma na lura da inda daɗin labarin yake. Muna yara ba auren ƙarshe muke jira ba. Tsakiyar muke jira, inda ɗan sarki ke fama da zuciyarsa a kan wanda ya ɗauka namiji ne ɗan uwansa, inda yarinya ke zaune cikin maza tana yin duk abin da aka ce mace ba ta iyawa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, mai carbi a hannu, ita ce ke shimfiɗa mana wannan ruɗani a gaban wuta, ba ta ga abin ɓoyewa a ciki ba. Irin wannan labari kuwa ba mu kaɗai ke da shi ba. Wanda ya san labarin Mulan ta ƙasar Sin, wadda ta tafi yaƙi a madadin mahaifinta, ya san ƴar uwarsa. Mutane ko'ina sun daɗe suna tambayar kansu: shin riga ce ke yin namiji, ko hali, ko halitta?

Ban ce kakata na wa'azin wani abu ba. Tatsuniyar a ƙarshe tana mai da kowa gurbinsa: namiji da mace, a yi aure, ƙurunƙus. Amma ta yarda akwai tambayar, ta kuma bar yara su ji ta.

Mu duba labaran da muke tinƙaho da su. Labarin Bayajida, wanda ake koya wa kowane ɗan Hausa, ya ce kafin zuwan baƙon da ya kashe macijin rijiyar Kusugu, mata ke sarautar Daura, har zuwa kan Daurama. Labarin Amina ta Zazzau ya ce ta jagoranci mayaƙa, ta ƙi zaman aure, har yau akwai ganuwoyin da ake kira da sunanta. A nan gida muna da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A cikin wannan labari, yarinya ce da aka rena da baka da kibiya. Sunanta na kan makarantu da shaguna, ba wanda ya ce Turawa suka lalata ta.

To ku lura da wani abu. Mace in ta shiga fagen maza, sai mu ce jaruma, mu ce "wannan ai namiji ce". Namiji in ya shiga madafa, ya ɗaura zane, ya iya tuƙa tuwo, sai ya zama abin jifa. Ni a ganina wannan ya fi tona asirin yadda muke kallon mata da aikinsu. Wanda ya hau zuwa wurin maza ya ci gaba, wanda ya "sauka" zuwa wurin mata ya faɗi. Da muna girmama tukunya kamar yadda muke girmama takobi, da rabin dariyar da aka yi wa mutumin cikin bidiyon nan ba ta da wurin zama.

Sai bori. Na san sunan kaɗai na sa wasu neman tsari, ni ma ba ɗan bori ba ne, ba kuma kira nake a koma gare shi ba. Amma tarihi ne, kuma tarihin garuruwanmu ne. Katsinawan da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 suka mai da Maradi mazauninsu, Gobirawa kuma suka zauna Tibiri. A fadojin nan biyu akwai sarautar mace mai kula da harkar bori: Iya a Maradi, Inna a Gobir. A harshen bori, wanda iska ke hawa ana ce masa doki in namiji ne, goɗiya in mace ce. Iskoki kuwa ba su tambayar jinsin abin hawansu. Iska namiji kan hau mace, a ga tsohuwa ta sa rawani tana magana da muryar basarake, maza na durƙusa mata. Iska mace kan hau namiji, a lulluɓe shi da zane, a yi masa magana kamar yadda ake yi wa mace. Jama'a na tsaye suna kallo, ana goge, ana kaɗa ƙwarya.

Cikin iskokin nan akwai Ɗan Galadima: ɗan sarauta, kyakkyawa, mai son ado da turare da caca, mai watsa kuɗi ba lissafi. Daudu kuwa laƙabi ne da ake yi wa Galadima, shi ya sa masu bincike da dama suka danganta sunan ƴan daudu da wannan iska. Waɗanda suka yi nazarin bori a Kano sun rubuta cewa ƴan daudu kan halarci wasa, su yi rawa, su yi liƙi, musamman in Ɗan Galadima ya sauka. Ku duba fa: sunan da muke zagi da shi yau, daga fada ya fito, daga cikin labaran iskokin da kakanninmu suka tsara wa gari guda mai suna Jangare, da sarkinsu da malaminsu da kuturunsu.

Harshe ma shaida ne. Daudu Hausa ce. Maɗigo Hausa ce. Luwaɗi daga Larabci ta zo, daga sunan Annabi Luɗu, alaihis salam, ta hanyar malamanmu. Babu ɗaya da ta fito daga Faransanci ko Ingilishi. Abin da baƙo ya kawo, yawanci da sunansa yake zuwa: lakwal, mota, montur, portabul. Al'umma ba ta ƙera wa abin da ba ta taɓa gani ba suna, balle har ta yi masa karin magana da habaici.

Wani mai bincike ɗan Amurka, Rudolf Gaudio, ya zauna da ƴan daudun Kano a shekarun 1990, ya fitar da littafi a 2009 mai suna Allah Made Us, wato Allah ne ya yi mu. Abin da ya tarar shi ne abin da duk wanda ya tashi kusa da tasha ya sani: sana'arsu abinci, da yawansu na da mata da ƴaƴa, suna sallah, wasu sun sauke farali, kuma ba duk ɗan daudu ne ke neman maza ba, kamar yadda ba duk mai neman maza ne ɗan daudu ba. Bature ya zo ya rubuta abin da ya gani. Bai zo da shi cikin jaka ba.

Yanzu ga maganar da na san tana bakin da yawanku: "Malam, addini fa?" Tambaya ce mai nauyi, ba zan kewaye ta ba. Ni Musulmi ne. Na san hadisin da ke cikin Buhari da ya tsine wa maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Na san matsayin malamai a kan luwaɗi. Ban zo in canza wa kowa fatawa ba, ban isa ba. Amma ku lura, hadisin kansa shaida ne cewa irin waɗannan mutane suna nan a Madina tun zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sama da shekara 1400 da suka wuce. Larabawa na ce musu muhannasai. Ɗaya daga cikinsu yana shiga wurin matan gidan Annabi, sai da aka ji yana siffanta wata mace ta Ɗa'ifa ga wani namiji sannan aka hana shi shiga. A Sunan Abi Dawud akwai ruwayar wani da aka kawo ya yi lalle hannu da ƙafa, aka yi umarni a fitar da shi bayan gari. Da sahabbai suka tambaya ko su kashe shi, Annabi ya hana, saboda mai sallah ne. Imam Nawawi ya bambanta tsakanin wanda aka halitta da laushin murya da tafiya, wanda ya ce ba laifi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Muhtasar na Shehu Halil, da malaman zaure ke karantarwa a Damagaram da Tawa da Maradi, da mas'alar gadon mata-maza ya rufe. Wannan wata mas'ala ce daban, ta halittar jiki, amma tana nuna malaman da ba su ji kunyar zama su yi nazarin mutumin da bai shiga layin maza ko na mata cif-cif ba, har su tsare masa rabonsa.

Duk inda ka bi cikin waɗannan littattafai, akwai ilimi, akwai shaidu, akwai alƙali. Ban ga inda aka ce samarin unguwa su tare dattijo su tuɓe shi su ɗauki hoto ba. Addinin da ya gindaya shaidu huɗu kafin a tabbatar da zina, ya kuma tanadi bulala 80 ga wanda ya yi ƙazafi ba shaida, shi ne za a ce ya ba ka izinin yanke wa mutum hukunci daga yadda yake tafiya?

Ina da magana kuma ga ɗaya ɓangaren. Akwai masu zuwa daga waje, ko namu da suka haddace yarensu, da ke ɗaukar ɗan daudu da Amina da Ɗan Galadima su liƙa musu haruffan nan na LGBT, su ce ai Afirka aljanna ce kafin zuwan Turawa. Wannan ma son zuciya ne. Mai tuwon tasharmu bai taɓa kiran kansa da waɗannan sunaye ba, da an kira shi da su ma da faɗa za a yi. Kuma rayuwarsa ba aljanna ba ce: ana ci daga hannunsa, ana raina shi, ba kowa zai ba ɗansa aure ba. Ɗan Galadima kuwa a labaran bori mai son mata ne na ƙin ƙarawa. Abin da tarihinmu ya nuna shi ne al'ummar da ta san da mutanen nan, ta ba su suna da sana'a da gefen tabarma, tana dariya da su, tana yi musu dariya, tana kuma barin su su rayu. Wannan bai kai abin da masu fafutukar waje ke so a ce ba, ya kuma fi ƙarfin abin da abokina na fada ke so a ce.

Me ya sa na damu? Don ƙaryar "Turawa suka kawo" tana da aiki. Da zarar ka ce mutum baƙon kaya ne, ka cire shi daga cikin ƴan gari, ka halatta a yi masa abin da ba za a yi wa ɗan uwa ba. Mu a Maradi mun taɓa gani. A watan Nuwamban 2000 aka yi zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da aka shirya a Yamai. Masu bikin suna can nesa, sama da kilomita 600. Fushin sai ya sauka a kan na kusa: mashaya, gidajen mata masu zaman kansu, wuraren ibadar Kirista, har da gidan Iya. An tashi yaƙi da abin waje, aka ƙare da ƙona na gida, har da sarautar da ta girmi zuwan Faransa ƙasar nan. Haka abin yake kullum. Wanda ake zagi a lasifika yana Paris, wanda ke shan duka yana bakin tasha.

A wannan lokaci da kowa ke maganar ƴancin kai da komawa ga al'adunmu, ya kamata mu tambaya: wace al'adar? Wadda kakanninmu suka rayu a ciki da gaske, mai bori da malamai da ƴan daudu da sarauniyoyi da Gizo maƙaryaci, ko wadda muka wanke muka goge don ta dace da abin da muke so a ji? Turawan mulkin mallaka sun ce ba mu da tarihi, muka yi fushi, kuma da gaskiyarmu. In mu da kanmu muka riƙa yage shafukan da ba su yi mana daɗi ba, aikinsu muke ƙarasa musu.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. In irin bidiyon nan ya shigo wayarka, kada ka tura shi gaba. Mutumin ciki yana da ƴaƴa, su ma suna da waya. In ka ga an taru kan wani a unguwa, ko ba ka iya shiga tsakani, kira mai unguwa ko liman ko wani dattijon da ake jin maganarsa. In kana da ƙi a zuciyarka saboda addini, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, amma ka bar tarihi yadda yake, kada ka ƙara ƙarya a kan hujjarka. Sannan wanda Allah ya bar wa kaka ko gwaggo tsohuwa, ya je da wayar nan tasa ya ɗauki tatsuniyoyinta, yadda take faɗinsu, ba gyara ba tacewa. Ku tambaye ta waɗanda ake faɗi in yara sun yi barci. Za ku sha mamaki.

Ni tawa kakar ta rasu ban ɗauki ko ɗaya ba. Mai tuwon tasha ma ya daɗe da rasuwa. Ranar jana'izarsa ina cikin sahu, direbobi suka ajiye motoci suka zo, liman ya yi masa sallah kamar kowane Musulmi, aka kai shi makwancinsa. Ban ji wanda ya tambayi daga wace ƙasa aka shigo da shi ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kan kanmu ne. Wanda ke da ja, bismillah, amma a zo da hujja.